Ranar da Na Sa wa Baffa Ilu Ciwon Ƙirji

Ba zan taɓa mantawa da wannan Lahadin ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Shekaru sun ja, furfura ta ci rabin gemu, abubuwa masu amfani da yawa sun zube daga kaina (jiya ma sai da na zazzage ɗaki kafin in gane tabarau yana kan goshina), amma wannan rana tana nan daram, ko ƙura ba ta yi ba.

A farkon shekarun dubu biyu ne, bayan mun bar ɗakuna biyun da muke zaune a unguwar Ridina mun koma Gassi, can bayan gari, inda Allah ya nufa na ɗora ɗan gini. Wanda bai zauna Gassi a lokacin ba, ba zai gane gajiyar da nake nufi ba. Kullum in fita da sassafe in yi ta jiran kar, wato ƙaramar bas ta haya, in ta zo a cusa mu kamar buhunan gawayi, mu yi ta girgiza har cikin gari. Ni magatakarda ne a wani kamfanin sayen fatu, daga safe har la'asar ina zaune cikin warin gishiri da ɗanyar fata ina cike takardu. In na dawo gida ko doguwar gaisuwa ba na iyawa. Abu ɗaya ya rage mini na jin daɗi a duniya, shi ne in miƙe ƙafa in saurari kiɗa.

Shi ya sa da na samu sarari na haye Kusseri, garin da ke ƙetaren kogi, na sayo kayan sauti. Akwai na'urar kaset haɗe da rediyo, da sifika biyu ƙanana, sai kuma wani baƙin akwati mai nauyin tsiya da muke kira keson, wato mai fitar da sautin nan mai kauri da ake ji a ƙirji kafin kunne ya ji. Babur biyu na ɗauka muka ƙetaro gadar Ngueli, ni ina bayan na biyun rungume da keson kamar an ba ni jariri.

Mai shagon, wani dattijo mai haƙuri, ya yi mini bayani kafin in tafi. Ya juya akwatin ya nuna mini makunnai biyu a bayansa. Ɗaya na ƙarfin sauti ne. Ɗayan kuma shi ke raba aiki tsakanin keson da ƙananan sifika, an zagaye shi da lambobi daga arba'in zuwa ɗari biyu. Duk sautin da ya fi lambar da ka zaɓa kauri, keson ne zai ɗauka, sauran a bar wa ƙananan.

"Ka tsayar da shi wajen tamanin," in ji shi. "In ka wuce haka zai shiga aikin da ba nasa ba, ya haɗiye muryar mutane. Kuma kada ka cusa shi a kusurwa. Ka ba shi fili."

Na yi ta gyaɗa kai, amma hankalina yana can wajen yadda maƙwabta za su ji. Ga shi kuma na taɓa yin shekara biyu a makarantar koyon sana'a, sashen lantarki (a shekara ta uku suka ce in huta), saboda haka a ganina babu abin da mai shago zai koya mini. Lissafina mai sauƙi ne: wanda ya sayi rago ai ba ya tsayawa a ƙafa ɗaya. Tun da abu ya kai ɗari biyu, don me zan tsaya a tamanin? Ina isa gida na murɗa duka biyun har suka ƙi tafiya.

Asabar uku na yi ina jan akwatin nan daga bango zuwa bango. A ƙarshe na samo masa kusurwar falo, na matse shi tsakanin bango da kabad ɗin da matata Hajara ke jera kwanukanta da tangaran. A nan ne in na kunna sai ƙasa ta amsa, labule ya motsa, cikina ya kaɗa. Na ce to, wannan shi ne sauti. Na ɗauko alli na zagaye gindinsa a kan siminti, na kafa doka cewa kada wanda ya matsar da shi daga wannan zane, kada kuma wanda ya kai hannu bayansa.

Sau ɗaya Hajara ta yi magana. Ta ce, "Baban Nura, wannan abin naka fa ba a jin magana a cikinsa, sai gurnani."

Na ce, "Kunnenki ne bai saba ba."

Ta ce to, ta ci gaba da shararta.

Haka muka yi wata takwas. Sai ga kaset ya zo daga Jidda.

Dole in ɗan koma baya. Kakan Hajara ya taso ne daga ƙasar Kano da ƙafa, da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a garin nan, ya zauna ya kama fawa. Surukina Baba Sale shi ya gaji wuƙar, har ya zama dattijon da mahautan Ridina ba sa yanke shawara sai da shi. Ƙanensa Ilu kuwa tun yana saurayi ya ce shi sai ya ƙarasa tafiyar da mahaifinsu ya fara. Ya bi ayari ya yi gabas, aka ji shi a Sudan, daga baya aka ji shi a Jidda. Da can wasiƙa takan zo jefi-jefi, sannan ta ɗauke. Fiye da shekara arba'in Baba Sale bai ji muryar ɗan'uwansa ba. Sai wani ɗan kasuwa da ya dawo daga umra ya kawo masa kaset a naɗe cikin hankici, ya ce ga saƙon Ilu.

Ranar Juma'a ce, na biya Ridina gaisuwa bayan masallaci, na tarar ana ta juya kaset ɗin a hannu kamar ƙwai. Baba Sale ya ce ba za a kunna ba sai an kira ƙanwarsu Gwaggo Talatu, kowa ya ji tare. Yayan Hajara, Yaya Habu, har ya ɗauko 'yar rediyonsu mai batir, wadda aka ɗaure murfinta da roba. Da na yi shiru da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma bakina bai shawarce ni ba.

Na ce, "Haba Yaya, muryar shekara arba'in a wannan gwangwanin? Ai sai a zo gidana. Ina da kayan da za ku ji kamar Baffa na zaune a gabanku."

Kowa ya san Baba Sale bai taɓa taka gidan 'yarsa ba, ko da muna Ridina, balle Gassi. Irin dattijan nan ne masu kunyar gidan suruki. Ya daɗe yana kallon kaset ɗin, sannan ya ce, "To. In don Ilu ne, ko ina ne ma je."

Suka zo ranar Lahadi bayan azahar, rana tana dukan tsakiyar kai. Kar biyu suka hau kafin su iso, sannan suka taka daga bakin hanya. Gwaggo Talatu ta shigo tana haki tana cewa wannan ai ba unguwa ba ce, wata ƙasa ce. Baba Sale ya sha babbar rigarsa fara ta Idi. Da na ga rigar nan sai na gane mutumin ba sauraron kaset ya zo yi ba, tarbar ɗan'uwansa ya zo yi.

Babu wuta, kamar kullum. Na sha fama da injin wuta har sau bakwai ina jan igiya kafin ya tashi, na shigo gumi na ɗiga daga haɓata. Aka ci abinci, aka shimfiɗa darduma, Baba Sale ya zauna a tsakiya, Gwaggo a gefensa, Yaya Habu ya jingina da ƙofa. Hajara ta koma kicin haɗa shayi. Na karɓi kaset da hannu biyu, na hure shi (ban san amfanin hurewar ba, na dai ga ana yi), na saka, na ce bismillah, na danna.

Da farko wani ruri ne ya taso daga kusurwa, kamar babbar mota ta tsaya a ƙofar gida ba a kashe ta ba. Daga baya muka gane na'urar sanyaya ɗaki ce a inda Baffa ya yi maganar, shi kuma ya manna bakinsa a jikin rikoda. Sannan muryar ta shigo.

"Wuuum. Bum-bum wuuu. Mmmuuu."

Kwanukan Hajara suka amsa gaba ɗaya. Tangaran na karo da tangaran, gilashin kabad na rawa, wani murfi ya zamo daga sama ya faɗo ya yi ta juyi a kan siminti kafin ya kwanta.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Da shunu? Mene ne wannan? Ilu ne wannan ko hadari?"

Na ce, "Yanzu zai daidaita, Gwaggo." Na yi abin da kowane jahili ke yi in ba a jin magana, wato na ƙara sauti. Sai da na ji haƙorana na kaɗawa. Babu kalma ɗaya da ta fito. Ka san mutum ne ke magana, kana jin inda ya tsaya da inda ya ci gaba, amma kamar an jefa shi rijiya an rufe da katifa.

Na tsayar. Na ce injin ne ba ya ba da wuta daidai, na fita na bubbuga shi na dawo. Na kunna, haka. Na ce kan na'urar ne ya yi datti, na samo auduga da turare na goge. Na kunna, haka. Rigata ta manne a bayana. Baba Sale ya karkata kai ya kafa kunne yana neman ƙanensa a cikin wannan gurnani.

Sai Yaya Habu ya ce, ba ma da ƙarfi ba, "Da mun sani mun taho da gwangwaninmu."

Maganar nan ce ta kashe ni. Na dubi keson, na dubi zanen allina, na tuna wata takwas ina yabon kayan nan a duk majalisar da na zauna. Na ga ba zai yiwu laifin ya zama nawa ba. In ba nawa ba ne, ba na injin ba ne, to saura wa? Na gyara murya, na haɗa fuska irin ta masana.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan na'urar ba ta ƙarya. Abin da ke cikin kaset shi take fitarwa, har wanda ƙaramar rediyo ke ɓoyewa. Wannan nauyin da kuke ji daga ƙirjinsa yake fitowa. Ina jin Baffa ba shi da lafiya." Sannan, don Shaiɗan bai gama da ni ba, na ƙara da cewa, "Kamar ruwa ne ya taru a ƙirjin."

(Na sha tambayar kaina daga ina na samo ruwan nan. Har yau ban gano ba.)

Gwaggo Talatu ta ɗora hannu biyu a ka. "Innalillahi! Wasiyya ce ya aiko! Wayyo Ilu, ashe sallama kake yi da mu, mu ba mu sani ba!" Ta fashe da kuka mai ƙarfi, tana kiran sunan mahaifiyarsu.

Amma ba kukan Gwaggo ne ke hana ni sukuni har yau ba. Baba Sale ne. Ya cire hularsa a hankali ya ɗora a gwiwa. Mutumin da ya yi shekara hamsin da wuƙa a hannu, wanda ban taɓa ganin ko girarsa ta motsa ba, sai ga leɓensa na rawa. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ƙanena ne fa. Ni ya kamata in riga shi." Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa.

A nan ne mutumin kirki zai ce, Baba, tsaya, zato nake yi, ban tabbata ba. Ƙofa a buɗe take. Ni kuwa me na yi? Na sunkuyar da kai na girgiza shi cikin jimami, na ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Ban san tun yaushe Hajara take tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi ba. Ta dubi mahaifinta, ta dubi hular da ke gwiwarsa. Ni ba ta dube ni ba sam. Ta ajiye tiren, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ratsa falon ta durƙusa a kusurwa. Ta kama keson ta jawo shi waje kamar taku biyu, ya bar bango ya bar kabad, ya taka zanen allina ya wuce. Ta zura hannu bayansa ba tare da ta leƙa ba, ta murɗa makunni ɗaya, ta murɗa ɗayan. Ta rage sautin da na ƙure, ta mayar da kaset farko, ta danna.

"Assalamu alaikum. Sale, ni ne Ilu. Kana nan da wannan taurin kan naka?"

Tangaram, kamar yana zaune a kan dardumar. Murya ce ta tsoho, amma tsoho mai ƙoshi, har da wata dariya da ke tashi daga ciki. Ya ce lafiyarsa ƙalau, hawa huɗu yake takawa kullum zuwa ɗakinsa ba ya tsayawa hutu. Ya ce abin da ke damunsa a duniya ɗaya ne, ya rasa daddawa ta gaskiya da kuka, a taimaka a aiko masa, a haɗo da kilishi in Sale bai manta yadda ake yi ba. Ya jero sunayen 'ya'yansa da jikoki. Sannan ya ce, "Talatu fa? Har yanzu tana nan tana kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba?"

Gwaggo, da hawaye shaɓe-shaɓe a fuska, ta ce, "Ji ɗan banza!" Sai kukan ya juye dariya. Yaya Habu ya zame daga jikin ƙofa ya zauna ƙasa yana riƙe ciki. Baba Sale ya share ido da hannun riga, ya mayar da hularsa, ya matsa kusa da ƙaramar sifika har yana neman jingina da ita. Duk inda Ilu ya yi tambaya sai ya amsa masa, "Tana nan," "Ya rasu, Allah ya jiƙansa," "Haka ne, haka ne."

Ni ina tsaye a tsakiyar falona da audugar goge kai a hannu. Babu wanda ya ce in zauna, babu wanda ya ce in fita.

Da fuskar farko ta ƙare, ana juya kaset, Yaya Habu ya ce, "Ke Hajara, a ina kika koyi gyaran nan?"

Ta amsa a hankali, idonta a kan kofunan da take zuba wa shayi. "Ba gyara ba ne, Yaya. Kullum in ya fita aiki, in dai an kawo wuta, haka nake yi, in ji labarai da wa'azi. Kafin la'asar sai in mayar masa kan allinsa."

Wata takwas. Ashe zanen da na yi don in tsare akwatin, shi ke nuna mata inda za ta mayar da shi don kada in gane.

Sun saurari kaset ɗin sau biyu, ciki da bai. Na so ƙwarai Baba Sale ya yi mini faɗa, ko ya harare ni, in samu abin da zan ba da haƙuri a kai. Bai yi ba. Da na raka su bakin hanya muna jiran kar, na tattaro ƙarfin hali na fara, "Baba, maganar da na yi ɗazu..." Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Allah ya yi albarka. Na ji Ilu." Shi ke nan. Wannan yafiyar ta fi mari zafi.

Na dawo gida ina jan ƙafa, na tarar da Hajara tana mayar da murfin da ya faɗo. Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta ce, "Na faɗa."

Na zube a kujera, na sa wani kaset da nake ji kusan kullum, ban taɓa komai a bayan akwatin ba. Sai na ji ashe akwai sarewa a cikin waƙar. Ban taɓa sanin tana nan ba.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Mako na zagayowa aka taru a Ridina don a ɗauki amsar da za a aika Jidda (a kan gwangwanin Yaya Habu aka ɗauka, babu wanda ya nemi shawarata). Baba Sale ya yi nasa, bai ambace ni ba sai da alheri. Da aka miƙa wa Gwaggo Talatu kuwa, kafin ta gaishe da ɗan'uwanta sai da ta zayyana masa labarin tun daga murfin kwano har ruwan ƙirji, tana kwaikwayon muryata. Bayan wata uku wani kaset ya zo. A ƙarshensa, bayan ya gode da daddawa, Baffa Ilu ya ce, "A gaishe mini da mijin Hajara. A ce wa Dokta ƙirji da sauƙi."

Sunan ya bi ni. Baffa Ilu ya ƙara shekaru masu yawa a duniya kafin Allah ya karɓi abinsa, Baba Sale ma ya tafi, kayan sautin sun lalace tuntuni, amma har gobe in na ratsa layin mahauta a Ridina sai wani ya ɗaga murya, "Dokta, zo ka saurari wannan saniyar, kamar tana tari!" Yaran da ba a haifa ba a lokacin ma haka suke kirana, wasunsu da gaske suke, har wata mata ta taɓa tare ni da takardar magani. Na gaji da bayani, yanzu amsawa kawai nake yi.

Abin da na koya bai da yawa. In abu ya ƙi maka a gaban mutane, ka ce ban sani ba, ka nemi wuri ka zauna. Kunyar wannan kalmar yini ɗaya take yi ta wuce. Wadda na zaɓa a madadinta kuwa, ga shi har jikokina sun fara tambaya a wane asibiti na yi aiki.